Laifin Ba Na 'Yan Kasuwa Ba Ne, Malam

Malam, na karanta rubutunka inda ka ɗora wa 'yan kasuwar Treichville da ke Abijan laifin kumburin hannu bayan an sallame su da kanula a jijiya. Ka ce ba sa zama gida, kwaɗayin ciniki ke mayar da su rumfa. Wannan zance bai kama hanya ba.

Mai sayar da atamfa da aka rubuta wa seftiriyazon sau ɗaya a rana, ai don ya koma harkarsa aka sallame shi. Abin tambaya shi ne hannun da ke karɓarsa kowace safiya. Yau nas ta goge bakin kanula da sifirit, ta tura ruwan gishiri kafin magani da bayansa, ta duba ko fata ta yi ja. Gobe wata ta zo, ba ta san ranar da aka sa kanular ba domin babu wanda ya rubuta a filasta, ta danna maganin, mutum yana cije leɓe. Jijiyar da ta fara zafi da tauri cire kanular ake yi nan take, kuma wannan aikin nas ne.

Wanda ya taso daga Adjamé, ya ƙetare gada cikin cunkoson Abijan don allura guda, ka kira shi mai sakaci? Tun 2019 aka fara amfani da inshorar lafiya ta CMU, amma katin inshora ba ya duba jijiya. A ba kowane majinyaci takarda ɗaya mai ɗauke da ranar sa kanula, yanayin fata da sunan nas, duk wadda ta karɓi aiki ta karanta kafin ta taɓa sirinji.