Labarin Ta'addanci Da Makomar Yankari

Jihar Bauchi ta daɗe tana tinƙaho da cewa ita ce kan gaba wajen yawon buɗe ido a ƙasar nan, kuma tana da hujja. Tun cikin 1956 aka keɓe dajin Yankari, aka buɗe shi ga jama'a cikin 1962. Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi cikin 1991, sa'an nan ta mayar wa jihar abinta cikin 2006. Daji ne mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 2,200, ga giwaye waɗanda irin garkensu ya yi ƙaranci ƙwarai a Nijeriya, ga kuma ruwan Wikki mai ɗumi, wanda ɗuminsa ke tsaye a kan awo 31 rani da damina. Amma baƙo ba ya ɗaukar jakarsa sai ya tambayi lafiyar hanya, kuma wurin tambayarsa shi ne jarida da rediyo, yanzu kuma har da wayar hannu. Saboda haka abin da manema labarai suka rubuta game da Bauchi yana da hannu babba wajen cika ɗakunan Wikki ko barinsu wayam, kuma abincin direba da mai dafuwa da mai gadin daji yana rataye da wannan.

Kada wani ya zo mana da zancen wai sharri kawai ake yi wa Bauchi. A cikin birnin ne, a ofishin 'yan sanda na Dutsen Tanshi, tarzomar Boko Haram ta fara ran 26 ga watan Yuli 2009, kafin ta bazu zuwa Maiduguri da Potiskum da Wudil. Ran 7 ga watan Satumba 2010 aka fasa gidan yarin Bauchi, fursunoni fiye da 700 suka tsere. Ran 29 ga watan Mayu 2011 bama-bamai suka tashi a kasuwar barikin Shadawanka. Cikin Yuli 2014 sojoji suka ba da sanarwar sun kutsa dajin Balmo sun tono makamai. Duk ɗan jaridar da ya kai wa jama'a waɗannan labarai aikinsa ya yi, kuma da ya ɓoye su da ya ci amanar mai karatu.

Abin da ke damunmu shi ne kuɗin goron da ake yi wa jihar. Bauchi tana da ƙananan hukumomi 20, kuma daga Jama'are da ke arewa zuwa Alkaleri inda Yankari take tafiya ce ta sa'o'i a mota. Amma sau da yawa edita yana zaune a Ikko, bai taɓa wuce Jos ba, sai ya ɗora kanun labari da sunan jihar baki ɗaya, ya ƙara da kalmar 'yan ta'adda, shi ke nan. Mai karatu a Fatakwal ko a Landan ba shi da yadda zai gane ko ɓarayin shanu ne, ko masu satar mutane don kuɗin fansa, ko mafarautan da ke farautar hauren giwa, ko rikicin manoma da makiyaya, ko kuwa ƙungiya mai aƙida wadda ke da alaƙa da wasu a ƙetare. Kowanne daga cikin waɗannan yana da dalilinsa da maganinsa dabam, kuma haɗarinsu ga baƙo ba ɗaya ba ne. Idan wata ƙasa ta saka sunan jiha cikin jerin wuraren da take gargaɗin mutanenta a kansu, kamar yadda Amurka da Ingila suka daɗe suna yi wa Bauchi, fitar da shi yakan ɗauki shekaru.

Akwai wani al'amari da ya kamata a riƙa karantar da shi a kowace makarantar koyon aikin jarida a ƙasar nan. Ran 16 ga watan Fabrairu 2013 'yan bindiga suka auka wa sansanin kamfanin Setraco a Jama'are, suka kashe mai gadi, suka yi awon gaba da baƙi bakwai, cikinsu har da ɗan Ingila da ɗan Italiya da ɗan Girka. Ƙungiyar Ansaru ta ce ita ce ta kama su. Ran 9 ga watan Maris ta fitar da sanarwa cewa ta kashe su duka, kuma cikin hujjojin da ta kafa har da labaran da aka buga a nan gida cewa an ga jiragen saman sojan Ingila, wai alamar ana shirin ƙwato mutanen da ƙarfi. An ga jiragen, haka ne, amma a Abuja aka gan su. Ingila ta ce sun zo ne don kwashe sojojin Nijeriya da kayansu zuwa Mali, Italiya da Girka kuma suka ce babu wani yunƙurin ceto da aka yi. Alhakin jinin nan yana wuyan waɗanda suka yi kisan, kuma mai yiwuwa dama neman hujja suke yi. To amma wannan ya nuna wa kowane mai riƙe da alƙalami cewa cikin masu karanta shi har da mutumin da ke tsaye da bindiga a kan wanda aka ɗaure. Rabin labari a irin wannan lokaci yana iya zama makami a hannun wani.

Su ma hukumomi suna da nasu kashin a gindi, domin su ne suka koya wa jama'a rashin yarda da sanarwar hukuma. Kwana biyu bayan sace 'yan matan Chibok cikin Afrilu 2014, Hedkwatar Tsaro ta ce an kuɓutar da su duka ban da takwas. Shugabar makarantar da iyayen yara suka ƙaryata, aka janye maganar. An sanar da mutuwar Abubakar Shekau fiye da sau ɗaya, yana fitowa yana yi wa ƙasa dariya, sai cikin Mayu 2021 ya mutu a faɗan da suka yi da ɓangaren da ya ɓalle daga gare shi. Bayan irin wannan, idan kwamishina ya tashi ya ce lafiya ƙalau a zo a sha iska, wa zai zargi baƙon da ya yi shakka?

Ƙasar Kenya, wadda yawon buɗe ido ke cikin manyan hanyoyin samun kuɗin shigarta, ta ɗanɗana duka biyun. Cikin Yuni 2014 aka kashe mutane da dama a garin Mpeketoni kusa da Lamu, ƙungiyar Al-Shabab ta ce ita ta yi, amma Shugaba Uhuru Kenyatta ya ɗora laifin a kan 'yan siyasar cikin gida. Cikin Afrilu 2015 ƙungiyar ta shiga jami'ar Garissa ta kashe mutum 148, musu ya ƙare. A ɗaya ɓangaren kuma, cikin Yuli na wannan shekarar, gab da ziyarar Shugaba Obama, gidan talabijin na CNN ya kira Kenya ɗungurungum matattarar ta'addanci. Mutanen ƙasar suka yi ca, har sai da wani babban jami'in gidan ya tafi Nairobi da kansa ya ba da haƙuri. Mu a nan wa ya taɓa zuwa Bauchi ba da haƙuri kan kanun labari?

Mun san wakilin da ke zaune a Arewa ba a kan katifa yake aiki ba. An kashe Zakariyya Isa na NTA a Maiduguri cikin Oktoba 2011, aka kashe Enenche Akogwu na Channels a Kano cikin Janairu 2012, aka kai wa ofishin ThisDay na Abuja harin bam cikin Afrilu na shekarar. Wanda aka tura da ɗan albashi, babu kuɗin mota, babu inshora, zai zauna a gari ne ya jira sanarwar 'yan sanda ko abin da aka turo masa a WhatsApp. Masu jaridu su ne ya kamata su biya kuɗin zuwa inda abu ya faru, tun da gani ya kori ji. Haka nan kuma ya kamata kowane labari ya faɗi sunan ƙauye da ƙaramar hukuma, ya faɗi wanda ya ba da labarin, ya bambanta abin da aka tabbatar da abin da ake zargi. In an yi kuskure a shafin farko, a shafin farko za a gyara shi.

Gwamnatin Jihar Bauchi kuwa, a ganinmu, ta fi kowa buƙatar faɗin gaskiya da wuri. Cikin Mayu 2025 'yan bindiga sun yi wa 'yan banga kwanton ɓauna a yankin Duguri da Gwana na ƙaramar hukumar Alkaleri, an rasa rayuka da yawa, 'yan sanda da kansu suka tabbatar. Wannan maƙwabtan Yankari ne, kuma mutanen ƙauyukan sun fi kowane baƙo cancantar a ji kukansu. Muna kira ga gwamnatin jihar da reshen ƙungiyar 'yan jarida ta NUJ na Bauchi su riƙa shirya tafiya a kai a kai, a ɗauki wakilan jaridun Kudu da na ƙetare daga Dindima zuwa ƙofar Mainamaji har sansanin Wikki, sa'an nan a kai su Duguri da Gwana, a bar su su yi magana da dagatai da masu gadin daji ba tare da wani jami'i yana tsaye a kansu ba.