Keken Ɗinki Ba Riba Ba Ne: Mu Daina Roƙo, Mu Kai Takarda



A zamanmu na ƙarshen wata wani ɗan ƙungiya, tela a Jimeta da ya haura shekara ashirin yana taka keke, ya miƙo mana wata takarda. An zo shagonsa ranar da yake kwance ba lafiya, aka tarar da yaransa. Masu zuwan ba su nemi littafi ba, ba su tambayi ɗinki nawa ke shigowa a mako ba. Leƙawa suka yi, suka ƙirga kekuna shida da keken aiki ɗaya da janareta, suka rubuta, suka wuce. Bayan 'yan kwanaki sai ga takardar haraji da kuɗin da ko rabin kekunan ya sayar ba zai haɗa ba. Cikin shidan nan biyu matattu ne, kayansu ake cirewa ana gyara sauran. Ɗaya kuma na wani yaro ne da ya yaye, ya ajiye kafin Allah ya hore masa shago.

Bai rufe baki ba mai injin markaɗe daga Jambutu ya ce shi ma haka aka yi masa. Mai walda daga Doubeli ya ce nasa ya fi. Wata Hajiya mai sayar da ƙanƙara a cikin garin Yola ta aiko da saƙo cewa firiza uku aka rubuta mata, alhali ɗaya ta daɗe da zama akwatin ajiye kwanuka.

Abin da ya fi ɓata mana rai shi ne amsar da zauren ya bayar. Wannan ya ce a nemo wanda ya san wani a ofis. Wancan ya ce a ba su na goro su rage. Wani dattijo ya ce a yi haƙuri, wa ya isa ya ja da hukuma. Duk yawanmu ba wanda ya ce a rubuta takardar ƙin amincewa, kuma ita kaɗai ce hanyar da doka ta sani.

Mu fara da tushe. Harajin da ke kan mai sana'a da sunan kansa harajin abin da ya samu ne a shekara, bayan an cire abin da ya kashe wajen nemo shi: hayar shago, mai, zare, gyara, sallamar yara. Keke kayan aiki ne, ba kuɗin shiga ba. Wannan ma ba sabon abu ba ne gare mu. Duk wanda ya zauna gaban malam ya san ana fitar da zakka daga kayan da ɗan kasuwa ya kasa don sayarwa, amma ba a fitar da ita daga almakashin tela ko gudumar maƙeri. To in addini ya raba hajar sayarwa da kayan aiki, dokar ƙasa ma ta raba, wane ne zai zo ya haɗa mana su a bakin ƙofar shago da biro?

Dokar ma ta wuce nan. Ta yarda cewa inji yana tsufa, don haka ta ba mai sana'a damar ya riƙa cire wani kaso na kuɗin da ya sayi injin daga ribarsa kowace shekara kafin a yanka masa haraji. Wato a takarda, keken da ka saya hujja ce ta a rage maka. A bakin shago kuwa shi ake ɗagawa a ƙara maka, mu kuma muna tsaye muna ba da haƙuri.

Masu ƙiyasi za su ce ai inji alama ce ta girman sana'a: mai keke shida ya fi mai keke ɗaya samu. Wani lokaci haka ne. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki Naira a watan da ya biyo, dalar da take ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024. Duk wani inji da ake shigowa da shi farashinsa ya bi ta. Wanda ya dubi tsohon keken da aka saya shekara goma da suka wuce ya sa masa farashin sabo na yau, zai ɗauka telan ya zama attajiri, alhali ko kwabo bai shiga aljihunsa ba. Hasali ma kayan gyara da man janareta suka ninka a kansa, masu kawo ɗinki kuma suka koma jiran Sallah.

Ga kuma wuta. Kowa a nan ya tuna Afrilun 2024, lokacin da ɓarayi suka kayar da turakun babban layin da ya taso daga Jos zuwa Gombe, muka yi makonni cikin duhu. Firiza a wannan lokaci me ta samar? Injin walda fa? Waɗanda ambaliyar Yulin 2025 ta shiga wa shaguna a Shagari da Yolde Pate, injinansu na nan a tsaye, ido na ganinsu, amma a kunna a gani. Ƙirgen ido ba ya sanin ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Yanzu sai mu taɓa namu laifin, don gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Doka ta ba hukuma ikon ta yi maka ƙiyasi idan ba ka kai bayanin abin da ka samu ba, ko ba ka da rubutun da za a duba. Mu nawa ne ke da littafin ciniki? Mu nawa ke ajiye rasit ɗin inji? Telan namu da muka tambaye shi, ya ce lissafinsa a kai yake. Kai ba ya shiga fayil. Wanda ya ƙi rubutawa ya miƙa wa wani biron ne ya rubuta masa yadda ya ga dama.

A duba bambancin da littafin naira ɗari biyar zai iya kawowa. Sababbin dokokin haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025, suka fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, sun ce naira 800,000 na farko da mutum ya samu a shekara babu haraji a kansu. Naira miliyan 2.2 da ke biye ana cire kashi 15 cikin ɗari. Misali, idan an ƙirga kekunanka aka ce ribarka miliyan uku ce, harajinka 330,000. Idan littafinka ya nuna miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu ce, harajinka 60,000. Wanda kuwa ribarsa ba ta kai dubu 66 a wata ba, ba a bin sa wannan haraji sam. Da yawa cikin masu markaɗe da masu aski a nan suke, suna kuma biyan na goro don a rage musu bashin da ba su ci ba. (Wannan daban yake da kuɗin shago da ƙaramar hukuma ke karɓa. Kada a haɗa su; a fara duba kan takardar a ga wa ya aiko ta, da sunan wane haraji.)

To ga inda ake cin mu: kwana talatin. Daga ranar da takardar ƙiyasi ta shiga hannunka, kwana talatin gare ka ka rubuta cewa ba ka yarda ba, ka faɗi dalili. In suka wuce ba ka rubuta ba, doka na ɗaukar kuɗin nan ya tabbata a kanka, ko da kekunan duka matattu ne. Kuma kwanakin nan su ne muke ɓarnatarwa wajen zarya. Yau a je gidan Alhaji wane, gobe a ce yana Abuja, jibi a ce ya yi waya an ce ba komai. “Ba komai” ba ta tsayar da kwana talatin. Mun ga wanda aka yi wa wannan alkawari, bayan watanni aka dawo masa da kuɗin har da tara a kai, wanda ya karɓi goron kuma an canza masa wurin aiki.

Takardar ba sai lauya ba. Sunanka da adireshin shago, lambar takardar da aka kawo maka da ranar da ka karɓa. Sai ka jera injinan ɗaya bayan ɗaya: shekarar da ka saya, nawa ka saya, sabo ko na hannu, wanne ke aiki, wanne ya mutu, wanne ba naka ba ne. Ka haɗa hotuna, da rasit in akwai, in babu ka karɓo rubutu daga bakaniken da ke yi maka gyara. Ka nuna cinikinka da abin da ka kashe, ko daga bayanan banki da na POS ne. Ka faɗi adadin da kai ka yarda ana bin ka, ka biya shi ta banki, ka riƙe shaida. Abu mafi muhimmanci, ka tafi da kwafi biyu, a buga maka hatimi da kwanan wata a kan naka. Sabuwar dokar ta ba hukuma kwana 90 ta amsa, in ba ta amsa ba ƙorafinka ne ya tsaya. Ba hatimi, ba ka da ranar da za ka fara ƙirgawa.

In an amsa an ce ba za a gyara ba, akwai gaba. Kotun sauraron ƙararrakin haraji da aka kafa bisa dokar 2007 tana da mazauni na Arewa maso Gabas a Bauchi, nan ma kwana talatin ne wa'adin shigar da ƙara. Mun sani, a bi ta Numan da Gombe zuwa Bauchi kan takardar dubu hamsin, kuɗin mota kaɗai ya cinye ribar shari'ar. Wannan gazawa ce ta tsarin, muna kuma faɗa: an ajiye adalci nesa da ƙaramin mai sana'a. Sabuwar dokar ta kuma ƙirƙiro ofishin sauraron koken masu biyan haraji. Muna jira mu ga ranar da tela a Luggere zai iya taka ƙafa ya je. Amma yawancin irin wannan rigima ba ta kai Bauchi. Jami'in da ya ga takarda mai hujja da hatimi ya san akwai na sama da zai karanta ta.

Wasu a zauren sun ce rubuta takarda tsokana ce, gobe za a sa maka ido. Ai idon an riga an sa, shi ya sa aka ƙirga kekunan. Wanda ya ba da goro bana ya nuna yana da abin bayarwa, baɗi ma za a dawo, kuma ba shi da ko guntun rasit. Wasu kuma, yawanci matasanmu, sun ce kada a biya komai, me aka yi mana? Ba ma tare da su. Muna son titi da magudanar ruwa da asibiti, kuma wanda ya biya nasa daidai shi ke da bakin tambaya. Iyayenmu sun sha haraji da jangali na ƙiyasi har gwamnatocin Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke su a Kano da Kaduna a 1979. Abin da ya sa talaka ya tsane su shi ne ana yanka masa ba tare da an tambaye shi abin da ya samu ba. Ba za mu yarda a dawo da wannan ta ƙofar shago ba, ba za mu kuma taimaka a dawo da shi da shirunmu ba.

Telan namu sauran kwana tara gare shi ranar da ya kawo takardar. Mun zauna da shi a daren, mun rubuta, washegari ya kai, an buga masa hatimi. Amsa ba ta zo ba tukuna, za mu sanar in ta zo.

Duk ɗan ƙungiyar da aka kawo wa irin wannan takarda, ya rubuta kwanan wata a bayanta nan take, ya same mu a ofis ranar Asabar bayan La'asar da ita da duk wani rasit da yake da shi. Mata masu sana'a a gida su aiko ta hannun shugabar mata. Mun sayo littattafan ciniki da kuɗin ƙungiya, mai so ya zo ya karɓa, za a nuna masa yadda ake cikawa.

Sakataren Ƙungiya