ZANCEN KASUWA: Sahun gaba a Google, shaida ke ba da shi

Duk wanda ya san babbar kasuwar Maraɗi ko kasuwar Dole ta Damagaram ya san darajar rumfar bakin ƙofa: mai saye yakan tsaya inda idonsa ya fara sauka. Haka al'amarin yake a intanet. Idan wani ɗan kasuwa a Abijan ko Akara ya rubuta sunan albasar Galmi a cikin Google, sunayen da suka fito a sama su ne ke samun kiran waya, na ƙasa kuwa sai haƙuri.

Saboda haka ne akan sami masu zagaya kantuna da ma'aikatu suna alkawarin ɗora shafin mutum a sahun gaba cikin sati guda, muddin ya ba da ƴan jikkuna. Kafin Alhaji ya kwance bakin aljihu, ya kamata ya san abin da ake sayar masa.

Sakamakon bincike iri biyu ne. Akwai talla, wadda Google ke sayarwa tun shekarar 2000, ana kuma sa mata alama. Ranar da kuɗi suka ƙare, ranar take ɓacewa. Akwai kuma jerin da ke ƙarƙashinta, wanda ba a biyan ko dala a kansa. Game da wannan jeri, kamfanin da kansa ya yi gargaɗi cewa babu mai iya lamunce wa kowa matsayi na ɗaya.

To, da me ake hawa? Lokacin da Larry Page da Sergey Brin suka kafa Google a Amurka a 1998, dabararsu ba ta yi nisa da al'adar fatake ba. Baƙon da ya zo neman kaya bashi, ba a duba yawan maganarsa, ana duba wanda ya tsaya masa. Na'urar Google tana bin shafuka ɗaya bayan ɗaya, tana karanta rubutunsu, tana lura da mahaɗin da wani shafi ya sa zuwa ga wani. Kowane mahaɗi shaida ne, kuma shaidar shafi mai mutunci ta fi ta tarin shafukan banza nauyi.

Inda shaida ke da daraja, ba a rasa mai sayen ta ƙarya. A 2011 jaridar New York Times ta tona yadda babban kantin nan na Amurka, J.C. Penney, ya mamaye sahun gaba da dubban mahaɗai na haya, nan take Google ya tura shi can baya. Kafin nan, a 2006, an cire shafin kamfanin motoci na BMW na Jamus daga jerin na ɗan lokaci, saboda abin da yake nuna wa na'ura daban ne da abin da mutane ke gani. A 2012 kuma aka fito da sabon ma'auni mai suna Penguin domin kama irin wannan maguɗi. Ramin ƙarya ƙurarre ne. In manya ba su tsira ba, ina ga mai ƙaramin kanti?

Aikin gaskiya ba ya buƙatar dukiya mai yawa. Na farko, a rubuta da kalmomin mai saye. Mai neman aya daga Kwatano zai rubuta "souchet", na Kano zai rubuta "aya". Wani ya san Zinder, wani Damagaram. Wani kilishi, wani "kilichi". Shafi ya ɗauki duka, tare da sunan gari da na ƙasa a fili, don sau da yawa akan rikita Nijar da Najeriya. Adireshi mai ƙarewa da .ne yana taimakawa wajen nuna ƙasar.

Na biyu, a rubuta nau'in kaya, awo, lokacin girbi da hanyar aikawa da haruffa, ba hoto kaɗai ba. Abin da aka watsa a WhatsApp kuwa, na'urar ba ta ganinsa sam. Na uku, shafi ya zama marar nauyi, mai buɗewa a wayar hannu ko da rezo ya yi rauni. Tun 2015 Google ke la'akari da dacewar shafi da waya. Na huɗu, a nemi shaida ta halal daga ƙungiyar ƴan kasuwa, jaridu da abokan ciniki. Search Console, wanda kyauta ne, yana nuna kalmomin da suka kawo baƙi.

Ma'aikatan gwamnati ma maganar ta shafe su. Ma'aikatar da ba ta rubuta sanarwar jarrabawar ɗaukar aiki a shafinta ba, ta bar rumfarta fayau, kuma macuci ne zai zauna ciki yana karɓar kuɗin ƴaƴan talakawa.

Wannan aiki watanni yake ɗauka, kamar yadda suna ke ɗaukar shekaru a kasuwa. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya ba da kasuwa mai albarka.