Ƙwayar Hana Barci da Hukuncin Sararin Sama

Abin da ya ɓata mini rai a makon nan shi ne yabon da na ji wasu masu ilimin zamani suna yi wa ƙwayoyin da rundunar saman Amurka take bai wa matuƙanta, wai don su yi kwana da yini a sama ido biyu, kamar yadda wani jirgin B-2 ya yi sa'a 44 a sama a Oktoban 2001, bayan ya taso daga jihar Misuri zuwa Afganistan. Al'amarin ba sabo ba ne, domin a 1940 Jamus ta ɗura wa askarawanta ƙwayoyin Pervitin miliyoyi, Ingila kuwa ta rama da Benzedrine.

Malamanmu na fiƙihu, Allah Ya jiƙansu, da suka ga nassi ya hana alƙali yanke hukunci yana cikin fushi, sai suka yi ƙiyasi suka haɗa da yunwa da ƙishirwa da gyangyaɗi, saboda duk abin da ya gurɓata hankali ya gurɓata adalci. To, matuƙin da ke ɗauke da bam, wanda zai raba masoyi da maƙiyi cikin ƙiftawar ido, ina alƙalin da hukuncinsa ya kai nasa nauyi? A watan Afrilun 2002, kusa da Kandahar, wani matuƙin Amurka, Manjo Harry Schmidt, ya ga walƙiyar harbi a ƙasa, ya saki bam a kan sojojin Kanada masu atisaye, huɗu suka mutu, takwas suka jikkata. Lauyoyi suka ce shi da abokin tashinsa sun sha ƙwayar Dexedrine, hukuma ta ce ƙwayar ba ta da laifi, a 2004 aka ci shi tara aka tsawatar masa. Waɗanda suka tsara musu doguwar tafiya kuwa, shiru kake ji.

Na yarda, matuƙin da barci ya sace ya fi haɗari, kuma ƙwayar modafinil da rundunar ta koma wa ta fi sauƙin illa. Amma larurar da kwamanda ya ƙago da alƙalaminsa ba ita ce ke halatta abin da aka hana ba. Takardar amincewar da aka sa matuƙa suka sa wa hannu a lokacin ma abin kunya ce: ta ce shan ƙwayar ganin dama ne, sannan ta ce wanda ya ƙi ana iya hana shi tashi. A fiƙihu sunan wannan tilastawa. Na sha faɗa game da direbobin tirela na hanyar Legas zuwa Kano, waɗanda iyayen gidansu ke ƙidaya musu kwanaki, su kuma su nemi agaji wurin mai ƙwaya a tasha. Ashe masu kaki da digiri ma haka suke yi, sai dai su likita ne ke miƙa musu.