Direba, Ɗan Sanda Da Wayar Hannu

Yau filin namu zai ci birki ne a bakin titi, wurin nan da ake jera tsofaffin tayoyi da katako mai ƙusoshi, mai kaki ya ɗaga hannu, direba ya gangara gefe. Duk wanda ya taɓa biyo motar shanu ko ta albasa daga Jebba zuwa Ilori, ya ratsa Ogbomosho da Oyo, ya bi ta Badun har ya sauke kaya a Mile 12 ko mayankar Agege, ya san ba a ƙirga waɗannan shingaye da yatsun hannu. Shekara da shekaru, abin da ya gudana a irin wannan wuri magana ce ta mutum biyu, kuma in aka je caji ofis ko gaban alƙali, maganar mai kaki ita ce ke rinjaye. Yanzu kuwa an sami na uku a wurin, watau wayar hannu mai ɗaukar hoto, kuma a kanta ne ake ta kai ruwa rana.

Tambayar da direbobi ke yawan yi ita ce, shin laifi ne mutum ya ɗauki hoton ɗan sanda yana bakin aiki? Amsar ita ce ba laifi ba ne. Sashe na 39 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin samun labari da bayar da shi. Dokar Shaida ta 2011, a sashe na 84, ta buɗe ƙofar karɓar shaidar da aka samo daga na'ura, in an cika sharuɗɗanta. A shekarar 2023 ma, kakakin rundunar 'yan sanda na ƙasa a lokacin, Olumuyiwa Adejobi, ya fito fili ya ce jama'a na da damar ɗaukar hoton 'yan sanda a bakin aiki, kuma duk ɗan sandan da ya ci zarafin mutum saboda haka a kai ƙararsa. Sai dai kuma mun sani, abin da aka faɗa a hedkwata a Abuja yakan daɗe a hanya kafin ya isa kunnen kurtun da ke tsaye da bindiga cikin dare a dajin da ba kowa. Shi ya sa har yanzu ake fizge wayoyi, ana tilasta wa masu su goge abin da suka ɗauka.

Wannan rigima ba a nan ta fara ba. A Amurka ta yi ƙamari tun da daɗewa, kuma akwai abin lura a yadda ta kaya a can. A watan Maris na 1991, 'yan sandan birnin Los Angeles suka tsayar da wani baƙar fata mai suna Rodney King bayan sun bi motarsa da gudu, suka rufe shi da duka da kulake. Wani mutum da ke zaune a unguwar ya ɗauki abin da kyamararsa daga bene. Duniya duka ta gani, amma da aka yi shari'a a 1992 sai aka sallami 'yan sandan huɗu, garin ya kama da wuta, mutum fiye da hamsin suka hallaka. Sai a 1993 kotun tarayya ta sami biyu daga cikinsu da laifi. A watan Yuli na 2016 kuma, a jihar Minnesota, ɗan sanda ya tsayar da Philando Castile a mota. Mutumin ya shaida masa da bakinsa cewa yana ɗauke da bindiga, wadda kuwa yana da lasinta, amma cikin 'yan daƙiƙoƙi aka harbe shi. Matar da ke zaune kusa da shi ta kunna waya ta nuna wa duniya halin da ake ciki kai tsaye ta Facebook, ga ƙaramar 'yarta a kujerar baya. Shi ma wannan ɗan sanda kotu ta sallame shi a 2017. Sai a kan George Floyd, a watan Mayu na 2020, hoton da wata yarinya 'yar shekara 17 ta ɗauka ya ƙaryata sanarwar farko ta 'yan sanda, wadda ta nuna kamar rashin lafiya ce ta taso wa mutumin, har aka ɗaure Derek Chauvin shekara 22 da rabi.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe daga waɗannan labarai shi ne, a cikin mutum ukun nan ba wanda hoto ya hana a taɓa shi. An doki King, an kashe Castile, an kashe Floyd, duk da kyamara na kusa. Abin da hoton ya yi shi ne ya hana a binne maganar. Wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne, musamman ga wanda ya tuna yadda muke a nan gida kafin waya ta shiga aljihun kowa.

Ku tuna da samarin nan shida na Apo. A watan Yuni na 2005, 'yan kasuwa biyar da wata budurwa suka gamu da 'yan sanda a shinge cikin dare a Abuja, aka kashe su duka, aka wayi gari ana cewa 'yan fashi ne. Ba hoto, ba komai, sai kukan 'yan uwansu. Sai da gwamnati ta kafa kwamitin bincike sannan aka wanke su, kuma sai a 2017, bayan shekara goma sha biyu, kotu ta yanke wa biyu daga cikin 'yan sandan hukuncin kisa. To, ku kwatanta da watan Oktoba na 2020, lokacin da wani ɗan gajeren hoto daga Ughelli ta jihar Delta ya bazu, ana zargin 'yan sanda da harbin wani saurayi. Rundunar ta musanta, wanda ya ɗauki hoton ma sai da aka kama shi, amma aikin gama ya gama. Zanga-zanga ta ɓarke, ran 11 ga watan Sufeto Janar Mohammed Adamu ya ba da sanarwar rushe rundunar SARS. Abin da koke-koke na shekaru suka kasa yi, hoton 'yan daƙiƙoƙi ya yi shi cikin mako guda da 'yan kwanaki.

To, amma fa idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. A nan ne zan juyo kan 'yan uwana direbobi, ko da maganar ba za ta yi musu daɗi ba. Ita waya ba ta da ɗan uwa. In ta ɗauki hannun da ya karɓa, za ta ɗauki hannun da ya miƙa, kuma dokar ƙasa ta haramta bayar da cin hanci kamar yadda ta haramta karɓarsa. Direban da tun daga nesa ya riga ya dunƙule kuɗi a tafin hannu, ya rage gudu kaɗan, ya saki a hannun ɗan sanda ya wuce ba ko sallama, da wane ido zai ɗaga waya gobe? Da yawa daga cikinmu lasin ya mutu tun bara, inshora ta bogi ce da aka saya a tasha, taya ta suɗe, fitila ɗaya, an lafta wa mota kaya fiye da ƙima, ga fasinja biyu a kujerar gaba. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Irin wannan direba ba ya son shaida ko kaɗan, ya fi son a kashe magana a bayan mota, kuma shi ne ya koya wa ɗan sanda cewa kowace mota akwai rabonsa a ciki. Ranar da mai cikakkun takardu ya zo ya ƙi bayarwa, sai a ɗauke shi mai taurin kai, a ajiye shi a rana har kayan gwarinsa su ruɓe.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce ko takardunka sun cika sai an nemo maka laifi, a tambaye ka abin kashe gobara, in ka nuna a ce ya tsufa, a tambaye ka izinin gilashi mai duhu, a koma kan rasiɗin wayarka. Gaskiya ne, kuma mai ɗauke da tumatir daga Kano ba shi da lokacin musu, don kowace sa'a da ya ɓata asara ce a kan ubangidansa. Lokacin da ƙungiyar dillalan kayan abinci da shanu ta dakatar da kai kaya Kudu a watan Fabrairu na 2021, tatsar da ake yi wa direbobi a hanya tana cikin koke-kokenta. Ba yau hukuma ta san da matsalar ba. Sufeto Janar M. D. Abubakar ya ba da umarnin kwashe shingaye a 2012, waɗanda suka biyo bayansa ma sun maimaita, shingayen kuwa sukan ɓace na 'yan kwanaki su dawo kamar ciyawar damina. Duk da haka, a cikin direbobi biyu da aka tare, mai takardu ne kaɗai zai iya kai hotonsa Sashen Karɓar Ƙorafi da rundunar ta kafa a 2015 ba tare da ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya ba.

Sannan akwai yadda ake ɗaukar hoton. Wasu samari sun mai da abin wasan kwaikwayo. Da an tsayar da su sai su yi tsalle su fito, su cusa wa ɗan sanda waya a fuska, suna ihu suna zagi, don a kalla a intanet a ce jarumai ne. Wannan ganganci ne. Mutumin da ke gabanka yana riƙe da bindiga mai harsashi, wataƙila tun asuba yake tsaye a rana, wataƙila kuma makon jiya aka kashe abokin aikinsa a shinge irin wannan, don su ma ana kai musu hari, kuma ba su san wanda ke cikin motar da ta tunkaro su ba. A Amurka iyaye baƙaƙen fata sukan zaunar da 'ya'yansu su koya musu cewa in an tsayar da su su ɗora hannu biyu a kan sitiyari, kada su laluba aljihu sai sun faɗa. Mu ma ya kamata shugabannin tasha su riƙa faɗa wa yaransu haka. Ka tsaya in an tsayar da kai, ka kashe rediyo, in dare ne ka kunna fitilar ciki, ka yi sallama, ka miƙa takardun da aka nema. In za a ɗauki hoto, gara yaron mota ko fasinja ya ɗauka daga inda yake zaune, ba tare da ya tare wa kowa aiki ba. In kuma ɗan sanda ya fusata ya ɗaga bindiga, a sauke wayar, a riƙe sunansa da lambar motarsu da wurin da lokacin. Lauya Bolanle Raheem, wadda wani ɗan sanda ya harbe a cikin mota a Ajah ta Legas ranar Kirsimeti ta 2022, kotu ta bi mata haƙƙinta, ta yanke wa wanda ya harbe ta hukuncin kisa a 2023, amma iyalinta ba su sake ganinta ba.

Kada kuma 'yan sanda su ɗauka waya abokiyar gabarsu ce kullum. A watan Mayu na 2023, hoto ne ya nuna mawaƙin nan Seun Kuti yana marin ɗan sanda a kan gadar Third Mainland a Legas, kuma da wannan hoton aka gurfanar da shi. Da ba don wanda ya ɗauka ba, wa zai yarda an mari mai kaki a tsakiyar titi? Ɗan sandan da ke aikinsa bisa ƙa'ida shi ya fi kowa cin moriyar shaida.

Ƙa'idar kuwa a rubuce take. Dokar 'Yan Sanda ta 2020, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1943 ta zamanin Turawa, ta ce kafin ɗan sanda ya caje mutum ko mota sai ya faɗi sunansa da ofishin da ya fito da dalilin cajin, ta kuma ce kitso ko askin mutum ko irin tufafinsa ba su isa zama dalilin zargi ba. A ganina, a nan ya kamata manyan rundunar su fara. Duk wanda za a tura shinge a tabbatar sunansa da lambarsa suna manne a ƙirjinsa, a daina fitar da mutane cikin baƙar riga da silifas da mota marar lamba, waɗanda direba ba zai iya rarrabe su da 'yan fashi ba. Gwamnatin jihar Legas ta ƙaddamar da kyamarar da ake rataya wa a ƙirji ga jami'anta na kan titi a 2021. Majalisar Tarayya, wadda ke amincewa da kasafin 'yan sanda kowace shekara, ta tambayi Sufeto Janar nawa za a kashe a rataya wa kowane shugaban shinge irin wannan kyamara, a fara da hanyar Ilori zuwa Badun.