In na'ura ta miƙe tsirkiya, kiɗan wa ya rage?

Duk wanda ya ratsa kasuwar Dogon Dutsi, ko ya yi jiran mota a tashar Kore Mairuwa, ya san muryar nan da ke fitowa daga wayoyin salula da lasifikar masu cajin batir: murya siririya mai ƙyalli, tana tsalle daga wannan mataki zuwa wancan kamar ba daga maƙogwaron ɗan Adam ta fito ba. Waƙoƙin finafinan Kano ne suka shigo da ita, kunne kuwa ya saba har ya daina tambaya. Sai dai na'urar da ke wannan aiki ba ta tsaya ga maƙogwaro ba, ta gangaro kan tsirkiya. A yau mai sitidiyo na iya ɗaukar kiɗan gitar da ya kauce, ya miƙar da shi cikin kwamfuta bayan makaɗin ya koma gida. A kan haka ne makaɗa da masu ɗaukar sauti suka rabu gida biyu, wasu na cewa taimako ne, wasu na cewa maguɗi ne.

Sunan na'urar Auto-Tune. Asalinta shiri ne na cikin kwamfuta, wanda kamfanin Antares na Amurka ya fitar a shekara ta 1997. Wanda ya ƙago ta, Andy Hildebrand, injiniya ne da ya yi wa kamfanin man fetur na Exxon aiki: a aika amo cikin ƙasa, ya dawo, shi kuma ya yi lissafin abin da ke kwance a ƙarƙashi. Lissafin neman mai ne ya juya ya zama na binciken murya. Kowane sauti girgiza ce. Tsirkiya ta biyar ta gitar, in an ɗaure ta yadda Turawa suka amince, tana girgiza sau 110 cikin sakan guda. Na'urar tana ƙirga girgizar, in ta iske 108 sai ta ja ta zuwa 110. Mai aiki da ita shi ke zaɓar saurin jan. In ya ja a hankali, ba mai ganewa. In ya ja nan take, sai murya ta riƙa tsalle, kuma wannan tsalle ne duniya ta ji a 1998 cikin waƙar Believe ta mawaƙiyar Amurka Cher.

Gitar ta daɗe tana gagarar wannan lissafi, don kuwa na'urar sauti guda take iya bi a lokaci guda. Murya guda ce, amma makaɗi na iya buga tsirkiya shida tare, sai na'ura ta ruɗe. A 2009 ne kamfanin Celemony na birnin Munik a Jamus ya fito da sabon salon shirinsa mai suna Melodyne, wanda ke iya tsame tsirkiya guda daga cikin shida, kamar mai tsintar tsakuwa cikin wake, ya gyara ta, ya mayar. Masu ƙera gitar ma sun gwada sa'arsu. A 2007 Gibson ya sayar da gitar mai ƙananan injuna a kanta, masu murɗa tsirkiya da kansu. A 2012 Peavey ya fito da wata da aka dasa wa Auto-Tune a ciki: ita ba ta taɓa tsirkiya, sautin da ke tafiya cikin waya take gyarawa, har ya zama wanda ya kanga kunne ga itacen yana jin karkatacce, wanda ke gaban lasifika yana jin miƙaƙƙe. Da Gibson ya ɗora injunan nan a kan yawancin gitar da ya ƙera a 2015, makaɗa sun yi ta ƙorafi har kamfanin ya ja da baya.

Masu goyon bayan gyara suna da hujja, kuma a ƙasa irin tamu hujjar tana da nauyi. Gitar itace ce da ƙarfe. Hunturu na busar da itace, zafin watan Afrilu a Dallol Mawri na saki ƙarfe, gumin hannu na cin tsirkiya har ta yi tsatsa. Tsohuwar tsirkiya ko an ɗaure ta daidai a sama, tana yin ƙarya a ƙasan wuya. Sabuwa kuwa ba a kowace kasuwa ake samunta ba. Yaron da ya taso daga Matankari ko Tibiri, ya biya kuɗin mota zuwa Yamai, ko ya ƙetara iyaka zuwa Sakkwato, kuɗin sitidiyo ƙidayayye ne a aljihunsa. In ƙungiya ta yi kiɗa mai daɗi tun daga farko har ƙarshe, sai tsirkiya guda ta saki a tsakiya, shin adalci ne a zubar da aikin mutum shida a sake sabon lale? Tela ma yana warware ɗinki guda ba tare da ya yaga riga ba. A wannan wuri masu sitidiyo sun fi gaskiya, kuma wanda ya ce musu maguɗi suke yi bai taɓa biyan kuɗin awa daga aljihunsa ba.

Amma kalmar "daidai" ita ce ke buƙatar a tsaya a kanta, don nan ne gizo ke saƙa. Na'ura ba ta san daɗi ba, ma'auni aka ba ta. Ma'aunin kuwa na fiyano ne. Turawa sun ɗauki tazarar da ke tsakanin sauti da ƙanensa mai ninkin girgiza, wato daga 110 zuwa 220, suka raba ta gida 12 daidai wa daida, kowane gida kuma masana suka raba shi ƙananan awo 100. Wannan rabo sulhu ne da aka yi don fiyano guda ta iya bin kowace waƙa. Wanda ya yi darasin kiɗa a lise zai tuna da do da mi: tazarar da ke tsakaninsu, in an bar kunne ya zaɓi inda sautin biyu suka fi kwanciya da juna, awo 386 ce, fiyano kuwa 400 take bayarwa. Ke nan abin da na'ura ke kira daidai shi kansa ya kauce da awo 14, an dai yarda ne a rufe ido. Kamar tiya ce: ta wannan kasuwa ba lalle ta zama ta waccan ba, kuma mai hankali ba ya kiran ta maƙwabta ɓarauniya don ta bambanta da tasa.

To, kunnen Arewa ba a kan fiyano ya girma ba. Ya girma a kan goge, mai tsirkiya guda ta izgar doki, wadda wuyanta ba shi da ƙarafunan nan da aka gitta wa gitar don su yanka sauti gida-gida. Yatsan mai goge yana tafiya ne a sarari, ya tsaya inda kunnensa ya ce ya tsaya, ya zame, ya yi rawa a kan sauti kafin ya sake shi. A wasan bori, wanda ƙasar Arewa ta shahara da shi har masu bincike na Turai da Amurka suka yi ta rubutu a kansa, kowane iska da takensa, kuma masu sauraro na gane take tun daga jan farko. Haka gurumi, haka molo, duk wuyansu sumul ne. Da gitar ta shigo hannun samarin ƙasar nan, tun zamanin gasar samariya har zuwa ƙungiyoyi irin su Akazama ta Dutsi da Azna ta Tawa, yatsun da suka karɓe ta ƴaƴan wannan kunne ne. Shi ya sa makaɗi ke tura tsirkiya gefe da yatsa, ya ɗaga sauti kaɗan ya ajiye shi tsakanin gida biyu, inda fiyano ba ta da ƙofa. Da gangan ya yi. Na'ura kuwa in ta iske sauti a tsakanin gida biyu, abu guda ta sani: ta tura shi gidan da ya fi kusa.

Abin mamaki, masu Auto-Tune sun san duniya ba ma'auni guda gare ta ba. Cikin shirin akwai ma'aunin Larabawa, akwai na tsibirin Jawa, akwai na tsoffin Girkawa. Babu na goge, babu na gurumi. Mai sitidiyon da ke sauri kuma, ga layin mawaƙa na jira a ƙofa, ma'aunin da ya iske a buɗe shi zai bari.

Labarin Mdou Moctar ya isa misali. Wannan makaɗi na Buzaye, ɗan ƙasar nan, bahago, wanda gitarsa ta farko da wayar birkin keke ya haɗa ta, ya je Sakkwato a 2008 ya ɗauki faifansa na farko mai suna Anar. Sitidiyon irin na waƙoƙin finafinai ne, saboda haka aka zuba wa muryarsa Auto-Tune har ta koma kamar ta aljanin ƙarfe, aka sa mata gangar inji. Waƙoƙin suka bazu daga salula zuwa salula har Mali, inda Ba'amurke Christopher Kirkley ya ji su, ya sa guda daga ciki, Tahoultine, a tarin waƙoƙin da kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar a 2011. Ba wanda zai ce an yaudare shi da wannan faifai, don na'urar a fili take, kamar lalle a hannun amarya: ado ne da kowa ke gani. Amma abin da ya kai Mdou Moctar manyan dandalin Turai da Amurka, musamman bayan faifansa Afrique Victime na 2021, hannunsa ne a kan tsirkiya, da ja da zamewa da kukan da ma'aunin fiyano zai kira kuskure. Ado a fili daban, gyaran da ake yi a ɓoye bayan mai kiɗa ya juya baya daban.

Wani zai ce me ya yi zafi, tun da waƙar biki ce ko ta siyasa, a ji yau a manta gobe. Zafin yana ga masu tasowa. Da can yaro a gaban ubangida yake koyon kiɗa, yana kallon yatsa, ko kuma ya kasa kunne ga Muryar Sahel, wadda abin da makaɗi ya buga shi take watsawa. Yau malaminsa katin waya ne. Yaro a Gesheme ko Dumega zai sa waƙa ya yi ta maimaitawa har yatsunsa su kama, kuma abin da ya kama shi zai ɗauka na gidansu ne. In faifan an riga an yi masa aski, askakken kiɗa zai koya, shi ma ya koyar. Ba doka aka kafa ba, ba wanda ya hana komi, amma zamewar nan ta goge za ta riƙa raguwa daga faifai zuwa faifai ba tare da wani ya lura da ranar da ta tafi ba.

Masu karanta wannan shafi da yawa suna da hannu a lamarin ko ba su sani ba. Ɗan kasuwa ne ke biyan kuɗin sitidiyo in ana son waƙar biki ko ta tallar haja, ma'aikaci ne ke zama alƙalin gasa ko ke sa hannu a takardar tallafin ƙungiya. Mai biya yana da ikon ya tambaya kafin a fara: za a taɓa gitar, kuma makaɗin zai zauna a wurin sa'ad da ake taɓawa? Shi kaɗai ya san inda tsirkiya ta ci amanarsa da inda ya lanƙwasa ta da niyya, kuma shirin yana ba da damar a gyara sauti guda a bar sauran. Yana kuma da ikon ya sa kuɗin sabbin tsirkiyoyi shida cikin lissafi, a bar gitar ta huce daga zafin mota kafin a ɗaure ta, abin da ke rage rabin aikin na'ura tun ba a kunna ta ba. Sa'an nan ya nemi a ba ƙungiya kwafi biyu, gyararre na kasuwa da ɗanye yadda ya fito daga hannu. Ɗanyen ba ya cin wuri, katin waya guda na ɗauke faifai sukutum.