Ranar da Jirgi Bai Tashi Ba: Tsibiran Girka da Bakin Fito a Kebbi

A ƙaddara wasu ma'aikata biyu, ɗaya ɗan Gwandu ɗaya ɗan Kalgo, sun tara kuɗi sun ƙudurta kai iyalansu hutu tsibirin Santorini na ƙasar Girka. Na farko ya tashi a kan tudu, cikin garin da ake zuwa ziyarar hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, bai taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwarsa ba. Na biyu ya tashi a gefen fadamar Gulbin Kebbi, tun yana yaro yake ganin kwale-kwale na kai da komo da damina. Dukansu biyu suna cikin haɗari. Ɗan Gwandu bai san ruwa ba, ɗan Kalgo kuma ya saba da shi har ya daina tsoronsa. Abin da zai kare su duka abu guda ne: su bar gurbi a cikin shirinsu domin ranar da za a ce ba a tashi.

Da yawa daga cikin masu zuwa tsibiran Girka suna sauka ne a Atens, su shiga jirgin fito a tashar Fireyas. Daga nan zuwa Santorini jirgi mai gudu yakan ci kimanin awa 5, babban jirgi kuwa kimanin awa 8. Matsalar ita ce watannin Yuli da Agusta, lokacin da baƙi suka fi yawa, su ne kuma lokacin da wata iskar arewa mai suna Meltemi ta fi ƙarfi a Tekun Ejiyan. Takan yi kwana biyu ko uku tana kaɗawa alhali sararin sama garau yake, babu ko ɗigon hadari. Idan ta kai wajen mataki na 9 a ma'aunin iska na Beaufort, hukumar tasha takan hana jirage tashi, ƙananan jirage masu gudu ma tun kafin nan ake soke tafiyarsu. Fasinja ya yi ta faɗa, mai jirgi ya yi ta lissafin asara, jirgi dai yana nan ɗaure.

Da gawarwaki Girkawa suka sayi wannan doka. Daren 7 ga Disamba 1966 jirgin fito mai suna Heraklion ya taso daga tsibirin Kirit cikin mugun yanayi. Wata babbar motar sanyi da ba a ɗaure ta da kyau ba ta yi ta dukan ƙofar lodi har ta ɓalle, ruwa ya shiga, mutum fiye da 200 suka halaka. Bayan wannan ne aka kafa tsarin hana tashi idan teku ta yi fushi. Duk da haka doka ba ta maganin sakaci. Ranar 26 ga Satumba 2000 jirgin Express Samina ya daki duwatsu a kusa da tsibirin Faros, ƙofofin da aka yi domin tare ruwa a cikinsa akasarinsu a buɗe, mutum fiye da 80 suka mutu. Kotu ta ɗaure kyaftin ɗin da mataimakinsa.

Saboda haka shirin matafiyi mai hankali yana farawa ne daga ƙarshen tafiya. Kada ya sayi tikitin fito daga tsibiri a ranar da jirginsa na sama zai bar Atens. Ya dawo babban gari da tazarar kwana guda ko biyu. Mai ƙananan yara ko tsoho ya zaɓi babban jirgi, domin mai gudu ya fi jijjiga kuma shi ake fara sokewa. Inshorar lafiya ta Yuro 30,000 da ake sharɗantawa kafin bizar Shengen, ya karanta ta ya ga ko ta haɗa da ɗauko maras lafiya daga tsibiri, domin ƙananan tsibirai ba su da manyan asibitoci. Ya bar wayarsa a kunne: ta lamba 112 hukumomin Girka ke aiko da gargaɗin gobara da zafi. A Yulin 2023 gobarar daji ta sa aka kwashe mutum kusan 19,000 daga gidaje da otal-otal a tsibirin Rodos. Ɗan Kebbi kuma kada ya ce ya san zafin Afrilu don haka ya fi ƙarfin ranar Turai. A Yunin 2024 Michael Mosley, likitan nan mai gabatar da shirye-shirye a BBC, ya fita tattaki da tsakar rana a tsibirin Simi ba tare da waya ba, sai bayan kwanaki aka tsinci gawarsa.

Duk wannan shawara ce ga 'yan ƙalilan masu halin zuwa Turai. Inda zancen ya fi ciwo shi ne a gida. Ranar 26 ga Mayu 2021 wani jirgin katako ya tarwatse a Kogin Neja kusa da Wara, cikin Ƙaramar Hukumar Ngaski, ɗauke da mutum kusan 180. Waɗanda aka ceto kimanin 20 ne. A Mayun 2023 yara 15 suka nutse a Dandeji, ta Ƙaramar Hukumar Shagari a Jihar Sakkwato, sun fita neman itace. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta haramta tafiyar dare, ta wajabta sanya rigar ceto, ta hana lodi fiye da kima. Dokar tana nan a rubuce. Abin da babu a mafi yawan bakin fito shi ne mutumin da zai tsaya ya ce wa mai jirgi ya isa haka, kuma maganarsa ta zauna.

Ga shi kuwa Kebbi ba ta rasa irin wannan mutum ba. Sarautar Sarkin Ruwa tsohuwa ce a ƙasar. A bikin kamun kifi na Argungu ba a faɗa wa Matan Fada sai ya ba da izini. Sarkawa sun san launin ruwa idan sabon ambaliya ya taso, sun san inda kututture ke kwance, sun san jirgin da katakonsa ya ruɓe. Abin da ya dace shi ne gwamnatin jiha da NIWA da masarautu su naɗa wakili a kowane bakin fito mai cinkoso, daga cikin waɗannan masana ruwa, a ba shi albashi domin kada cinsa ya dogara da yawan fasinja. A zana layin lodi da fenti a jikin kowane jirgi, a rubuta sunayen masu shiga, a riƙa aiko masa da hasashen NiMet ta waya. Idan ya hana tashi aka ƙi ji, hukunci ya hau kan mai jirgi. Idan ya bari aka yi ganganci, ya hau kansa.

Za a ce ai Girka ƙasar masu hali ce, baƙon da aka hana wa tafiya otal zai koma. Matar da ta ɗauko shinkafa za ta kai kasuwar mako, idan ta rasa jirgin safe ta rasa cinikin kwana bakwai, mai jirgi kuma man fetur ya yi masa tsada har ba ya fita sai da lodi. Wannan gaskiya ce, kuma ita ce ta sa hani shi kaɗai ba zai ɗore ba. Dole a haɗa shi da ƙarin jirage a ranakun kasuwa da rigunan ceto na aro a bakin fito, yadda wanda aka tsayar zai san akwai na gaba. Amma duk tsadar wannan, ba ta kai ta kwanakin da mutanen Wara suka yi suna tsamo gawa suna binnewa ba.

Akwai kuma rabon da ya rataya a kan masu ilimi, irin ma'aikatan nan biyu. Wanda zai zauna shiru a Fireyas ya jira kwana guda saboda jami'in Girka ya hana, shi ne sau da yawa zai zo bakin fito a gida da magariba, za shi biki ko ta'aziyya, ya ƙara wa mai kwale-kwale kuɗi ya ce a yi maza. Yana yin haka, talakawan da ke tsaye su ma sai su afka, tunda ga babban mutum ya shiga. Da zai tambayi rigar ceto, ya ƙi shiga jirgin da ya cika, ya kwana a ƙetare har gari ya waye, da wasu sun bi sahunsa. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ruwan Agusta ya cika fadamar Kalgo ya kamata a san wanda zai tsaya a bakin fito, da kuma wanda zai biya shi.